Lamba 79: Jirgin Dakon da Aka Saya Dala Ɗaya

Yawancinmu idan aka ce tashar jiragen ruwa ta New York, manyan jiragen fasinja muke hangowa, masu hayaƙi da tutoci. Su ake ɗauka a hoto, su ake sakawa a fim. Amma kusan shekara ɗari, daga wajen 1860 zuwa 1960, abincin birnin da kayan masarufinsa a kan wasu jiragen katako marasa inji suke tsallake ruwa. Ɗaya daga cikinsu yana nan a ɗaure a unguwar Red Hook da ke Brooklyn, an mai da shi gidan tarihi mai suna Waterfront Museum. Ko suna ba a raɗa masa ba, lamba ce kawai: Lehigh Valley 79.

Dalilin samuwar irinsa yana cikin taswira. Galibin layukan dogo da ke zuwa daga yamma a gaɓar New Jersey suke tsayawa, kogin Hudson ya raba su da Manhattan, Brooklyn kuma tana can gaba. Saboda haka kowane kamfanin jirgin ƙasa sai da ya mallaki nasa jiragen ruwa. A sauke buhuna daga tarago, a jera a jirgin dako, ƙaramin jirgi mai inji ya zo ya ja shi zuwa gindin babban jirgi ko bakin sito. A 1914 aka ƙera lamba 79 domin wannan aiki, mallakin kamfanin dogo na Lehigh Valley.

Da muka shiga, abin da ya fara ba mu mamaki shi ne rashin abin kallo. Ɗaki ne guda, tsawonsa ya kusa ƙafa 90, faɗinsa wajen 30, da rufi da manyan ƙofofi a gefe. Sito ne kawai aka ɗora a kan ruwa. An rufe shi ne don kayan da ba sa son jiƙa, irin su buhunan kofi. Ba ya tafiya sai an ja shi, amma duk da haka yana da kyaftin, wanda aikinsa ɗaure igiya ne da ƙirga kaya da gadinsu, wasu ma da iyalinsu suke zaune a ɗan ɗakin jirgi. Kowane buhu sai ya bi ta hannun ɗan dako, shiga da fita. A ganinmu tarihin tashar yana nan a wannan daɓen katako fiye da cikin falon manyan jirage.

Motoci ne suka fara rage masa kasuwa, bayan buɗe hanyar ƙarƙashin ruwa ta Holland a 1927 da gadar George Washington a 1931. Kwantena ta ƙarasa shi. A watan Afrilun 1956 wani mai motocin haya, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Lodin tan guda da hannu yana cin kusan dala 6 a lokacin, da kwantena kuwa wajen santi 16. Ba ɗan kasuwar da zai ga wannan lissafi ya tsaya tausayin 'yan dako. Aiki ya koma New Jersey inda akwai fili, unguwanni irin Red Hook suka mutu a tsaye, jiragen dako kuma aka watsar da su a bakin gaɓa suna ruɓewa.

A irin wannan hali David Sharps ya tarar da lamba 79 a 1985, ta nutse cikin laka a Edgewater. Shi ba masanin tarihi ba ne, ɗan wasan barkwanci ne da ya yi aiki a jiragen yawon shaƙatawa. Dala ɗaya ya biya, sannan ya shiga kwashe laka wajen tan 300 daga cikinsa. An saka jirgin a rajistar wuraren tarihi ta Amurka a 1989, ya iso Red Hook a 1994. Har yau ana wasannin nishaɗi a inda ake jibge buhuna a da.

Abokin gabarsa na yanzu tsutsar ruwa ce mai cin katako. Lokacin da masana'antu suke zuba ƙazanta a tashar, dafin ya kashe ta, katako ya samu sauƙi. Tun da dokar tsabtace ruwa ta 1972 ta fara aiki, tsutsar ta dawo, tana huda ginshiƙan gaɓa da duk katakon da ke jiƙe a tashar.