Gushewar Zaure: Sauyin Ma'abota Gidaje a Birni da Zango na Damagaram da Tasirinsa ga Ƴan Ci-ranin Icirnawa

Tsakure

Wannan maƙala tana bin sawun gidajen tubali na unguwannin Birni da Zango yayin da suke fita daga hannun magada zuwa hannun mawadata, tana kuma kafa hujja cewa farkon wanda yake rasa makwanci a cikin wannan sauyi shi ne baƙon ƙauye mai kwana a zaure, irin wanda yake tasowa daga Icirnawa da sauran ƙasar Kance da zarar hatsi ya shiga rumbu.

Gabatarwa

A shekarar 1964 Ruth Glass, masaniyar zamantakewa a Ingila, ta siffanta abin da ta gani a Landan, inda masu hali suke saye gidajen ma'aikata ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa, har unguwa ta wayi gari ta fi ƙarfin waɗanda suka raya ta. Kuma ko da yake da yawa daga masu nazarin da suka biyo bayanta sun rataya laifin a wuyan tsadar haya, duk wanda ya ɗauko wannan ma'auni ya aza wa Damagaram ba tare da tahaƙiƙi ba zai yi kuskure, domin a nan gida gado ne kafin ya zama haja, kuma ƙofar da yake bi ya fita ita ce rabon tarika.

Asalin unguwannin

Birni, wanda Sarki Tanimun ya kewaye da ganuwa a ƙarni na 19, mazaunin sarauta ne da malamai, alhali Zango ya tashi a wajen ganuwa domin saukar ayarin Abzinawa da fatake, a nan ne kuma attajirai irin su Malam Yaro suka kafa gidajensu. Faransawa sun ci garin a 1899, suka mayar da shi babban birnin mulkinsu daga 1911 har 1926, lokacin da suka koma Yamai. Tun asali ke nan Zango unguwar baƙi ce, kuma zauren gidanta, wanda aka ƙawata fuskarsa da zane, rabinsa na mai gida ne rabinsa na matafiyi.

Yawan jama'a da darajar ƙasa

Ƙidayar 2012 ta sami jihar Damagaram da mutum fiye da miliyan uku da rabi, jama'ar ƙasar Nijar kuma a lokacin suna ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari kowace shekara. Ƙasar Kance kuwa tana cikin wuraren da suka fi cunkoso, ta yadda gonar da ta ciyar da kaka ta zama ƴan kuyyoyi a hannun jikoki. Wannan ƙunci ne ya tura mata da yara kan hanyar Aljeriya, inda mutum 92 suka halaka da ƙishirwa a arewacin Arlit a watan Oktoban 2013, Allah ya jiƙansu. Wanda bai iya wannan kasada ba, Damagaram yake nufa. A daidai wannan zamani kuma aka buɗe jami'a a garin, matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a 2011, shirin Zinder Sabuwa na 2018 ya zo da kwalta da fitilu, sai ƙasar da ke tsakiyar gari ta yi daraja irin wadda magabata ba su taɓa ƙiyastawa ba.

Mas'alar shuf'a

A nan ne fiƙihu yake da abin cewa. Idan mai gida ya rasu ya bar magada masu yawa a kan gida ɗaya wanda ba ya rabuwa sai da ɓarna, damina kuma ta ci katanga ba mai ikon yaɓe, sayarwa ce takan zama maslaha a idon kowa. Mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risala da Muhtasar suka tabbatar, ta ba abokin tarayya haƙƙin shuf'a, wato ya karɓi kason da aka sayar wa bare da kuɗin da aka saye shi, amma ba ta ba maƙwabci wannan haƙƙi ba, saɓanin Hanafiyya. Kuma ko abokin tarayyar, in talaka ne, haƙƙin da yake da shi a littafi ba ya tsinana masa kome, tun da sharaɗinsa biyan farashi ne. Ina ganin ya kamata malamanmu su sake duban wannan babi da idon zamani, musamman ta fuskar waƙafi, wanda zai iya tsare gida daga sayarwa ya bar amfaninsa ga zuriya da baƙi.

Abin da ke gushewa

Mai sayen gida yakan rushe tubali ya aza bulo da kwano, ya kafa ƙofar ƙarfe, inda zaure yake kuma ya mayar da shi kanti ko ma'ajiyar mota. Ba a zarginsa, don dukiyarsa ce. Sai dai zauren nan shi ne masaukin ɗan ci-ranin Icirnawa wanda yake zuwa ga-ruwa ko dako ko ƙwadagon gini, yana kwana ba haya saboda kakansa ya saba sauka wurin kakan mai gida. Shi ne kuma makarantar allo da majalisar sulhu ta unguwa. Magajin da ya sayar aƙalla ya fita da kasonsa ya nemi fili a bayan gari. Baƙon zaure ba shi da takarda ko kaso, ƙidaya ma ƙauyensa take lissafa shi, shi ya sa tashinsa ba ya barin alama a kundin ma'aikatar magajin gari. Tun 2006 sunan Birni yake cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, amma maganar da ake yi a kansa ta zanen bango ce da fadar sarki, alhali mutumin da zauren ya saba karɓa ya naɗe tabarmarsa ya nufi tasha, ko rumfunan kasuwar Dole bayan an tashi, ko unguwannin gefe irin su Kara-Kara, inda ake fasa dutse a sami na abinci.