Shuni Tsakanin Greensboro da Ƙofar Mata

A 1905 'yan'uwa biyu, Moses da Ceasar Cone, suka buɗe masaƙar White Oak a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Yadin wandon jins take saƙawa, daga 1915 kuma kamfanin Levi Strauss ya zama babban abokin cinikinta. Galibin rininta da shunin kanti ne, irin wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara kaiwa kasuwa a 1897.

Wannan shuni shi ya karya darajar baba. Sa'ad da Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin birnin, turkudin Kura kuwa har Buzayen Sahara yake kaiwa. Marini kan haɗa baba da toka da katsi a karofi, ya jira kwanaki kafin ya tsoma zane. Shunin kanti bai bukatar wannan jira, ga araha. Yadin Turai ya ƙarasa abin da ya saura.

White Oak ma arahar ce ta ci ta: masu saye suka koma ƙetare, aka rufe ta a ƙarshen 2017. A Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwar marinarta da 1498, har yau ana rini a 'yan karofin da ba su cike ba.