Sunan Shanga a Cikin Tsarin Mulkin Nijeriya: Gyaran Wasu Zato

Sau da yawa akan ji mutanen ƙasar Yauri, har da masu ilmi, suna cewa Gwamna na da ikon ƙirƙiro ƙaramar hukuma ko ya shafe ta in ya ga dama, amma sarauta tana da gindi a cikin tsarin mulki. In aka bincika, sai a tarar akasin haka ne.

Tsarin mulkin 1999, wanda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta zartar da dokar soja, ya jero ƙananan hukumomi da sunayensu a jadawalinsa na farko. Ƙarƙashin Jihar Kebbi akwai 21, ciki har da Yauri da Ngaski da Shanga. Majalisar jiha tana iya soma aikin kafa sabuwa, amma ba ya cika sai Majalisar Tarayya ta shigar da sunanta cikin jadawalin. Haka Kotun Ƙoli ta yanke a 2004, sa'ad da Jihar Legas ta ƙara guda 37.

Sarauta kuwa tana da muƙami a da. Tsarin Gwamna Richards na 1946 ya kafa Majalisar Sarakuna a Kaduna, ta ɗore har juyin mulkin Janairu 1966. Tsarin 1979 ya tanadi majalisar sarakuna ta shawara a kowace jiha, amma na 1999 ya bar ta. Watau yau Masarautar Yauri tana tsaye ne bisa dokar jiha da girmamawar jama'a.

Wani zaton kuma ya shafi masunta. Da yake gwamnatin tarayya ta gina madatsar Kainji, aka gama a 1968, akan ɗauka ita kaɗai ke da iko da kamun kifi a tafkin. To, jadawali na biyu ya keɓe su a koguna da tafkuna daga jerin al'amuran da tarayya kaɗai ke yi wa doka.

Gyaran tsarin mulki kansa ba ya yiwuwa sai kashi biyu cikin uku na kowace majalisar tarayya sun yarda, tare da majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Ya kamata malamin da ke horar da malamai ya nuna wa ɗalibansa waɗannan sassa da idonsu, domin wanda bai san ƙofar da zai kai kuka ba, a banza yake kukan.