Glutamin: Daga Hanjin Ɓera Zuwa Gadon Asibiti

A shekarar 1883, a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan, masanin sinadarai Ernst Schulze da abokin aikinsa Bosshard suka tace ruwan wani tushe da Turawa ke yin sukari da shi, suka ware wani sinadari da aka raɗa wa suna glutamin. Ɗaya ne daga cikin amino asid ashirin, wato tubalan da jiki ke jerawa ya gina furotin na tsoka da fata da jini.

An daɗe ba a ba shi wani muhimmanci ba. A 1935 Hans Krebs, wanda ya baro Jamus zuwa Ingila saboda mulkin Hitila, ya nuna cewa jikin dabba yana haɗa glutamin da kansa. Abin da jiki ke yi wa kansa kuwa, wa zai damu da neman sa a abinci?

Labarin ya sauya a 1974, lokacin da Windmueller da Spaeth a Amurka suka bibiyi jinin da ke shiga hanjin ɓera da wanda ke fita. Sai suka tarar ƙaramin hanji yana zuƙe glutamin daga jini, yana ƙona shi a matsayin makamashi. Likitocin tiyata suka haɗa wannan da abin da suka lura da shi: bayan mummunar ƙuna ko babbar tiyata, tsoka kan zube, glutamin ɗin da ke cikinta ya ragu. A 1990 Lacey da Wilmore suka kawo shawarar cewa mai tsananin ciwo yana iya buƙatar fiye da abin da jikinsa ke samarwa. Asibitoci suka fara ƙara shi a abincin da ake bai wa majinyata ta jijiya. 'Yan kasuwa su ma ba su yi barci ba. Suka zuba garin a robobi, suna tallata shi ga masu motsa jiki da masu fama da ciki.

Sai a 2013 aka fitar da sakamakon babban gwajin da Daren Heyland na Kanada ya jagoranta. An gwada majinyata 1,223 da ke rai kwakwai mutu kwakwai, waɗanda aƙalla sassan jikinsu biyu, kamar huhu da ƙoda, suka fara gazawa. Waɗanda aka bai wa glutamin da yawa sun fi mutuwa a kan waɗanda ba a ba su ba. Abin da aka yi shekaru ana zaton taimako ne, ga waɗannan bayin Allah ya zama cuta.

Duk da haka ba a yi watsi da shi ba. A 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da garin glutamin mai suna Endari don masu ciwon sikila 'yan shekara biyar zuwa sama. A gwajin da aka yi da mutum 230 na tsawon mako 48, tashin ciwon ya sauko daga kamar sau huɗu zuwa sau uku. A nan aikinsa kare jajayen ƙwayoyin jini ne, ba gyaran hanji ba. Wannan labari ya shafe mu kai tsaye, domin babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar yara masu sikila.

Gari ɗaya ne, amma abincin wani gubar wani. Mai lafiya da ke samun wake da ƙwai da nama da nono, jikinsa na haɗa abin da ya ishe shi. Wanda kuwa ke murmurewa daga tiyata, ko yake da ciwon hanta ko na ƙoda, ya fara tambayar likitansa kafin ya buɗe robar da aka tallata masa a waya.