Idan kwamfutar tafi-da-gidanka ta ƙi kunnuwa: matakan gano matsalar

Kwamfutar da ta ƙi kunnuwa ba lallai ne ta mutu ba. Sau da yawa matsalar ba ta wuce hanyar da wuta ke shiga cikinta, shi ya sa ake fara duba soket da caja. Yawancin cajoji na fitar da bolt 19 zuwa 20, kuma hauhawar wutar lantarki ko ta janareta kan ƙona su. A gwada wata cajar mai ƙarfi iri ɗaya.

Idan hakan bai yi ba, a zare cajar da duk abin da aka jona, a cire batir in mai ciruwa ne, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 domin ragowar wutar ciki ta fice, sannan a mayar da cajar kaɗai.

Idan kuwa fanka na juyawa amma fuskar ba ta haskawa, a haɗa kwamfutar da talabijin ta wayar HDMI. Fitowar hoto alama ce fuskar ce ta lalace.

In an kai ga mai gyara, a gargaɗe shi kada ya goge ma'ajiyar bayanai, domin galibi takardu da hotunan ciki suna nan lafiya.