Makahon matuƙi da ɗan jagoransa

Daga 1940 zuwa ƙarshen 1942, iyakar da ta ratsa tsakanin Birnin Ƙwanni da Illela ta Najeriya ta raba ɓangarori biyu na yaƙin duniya. Nijar na ƙarƙashin gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, Cadi kuwa ta bi Janar de Gaulle tun watan Agusta 1940. Saboda haka jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi sukan kauce wa samaniyar Nijar, su bi ta Kano da Maiduguri.

Cikin sojojin saman de Gaulle da suka bi wannan hanya akwai Romain Gary, haifaffen Vilnius a 1914, wanda ƴan lakwal suka fi sani a matsayin marubuci. A littafinsa La Promesse de l'aube ya ba da labarin yadda guguwar ƙura ta kayar da jirginsu a Kano, suka fita da rai.

Ranar da ta ɗaukaka sunansa ita ce 25 ga Janairu 1944. Rundunarsu mai suna Lorraine ta tashi daga Ingila don ragargaza wuraren harba makaman V1 a arewacin Faransa. Wutar Jamusawa ta sami jirginsu ƙirar Boston. Matuƙi Arnaud Langer ya ji rauni a idanu har ya daina gani, Gary kuma, mai nuna hanya da sakin bama-bamai, ya samu rauni a ciki. Ba su juya ba. Da murya aka yi wa makahon matuƙin jagora har suka jefa bama-bamansu, suka tsallake teku, suka sauka Ingila.

To, muryar wa? Labarin da ya yaɗu ya ce ta Gary ce. René Bauden, mai kula da rediyon jirgin, ya ce Gary ya suma, shi ne ya ƙarasa jagorar. Wanda ya san Gary, mutumin da ya ci kyautar Goncourt sau biyu, ta biyun da sunan aro, zai saurari Bauden da kunnen basira. Amma hannun da ya riƙe jirgin cikin duhu na Langer ne, kuma shi ne aka fi mantawa.

Duka ukun sun sami lambar Compagnon de la Libération. Langer ya rasu a 1955, lokacin da jirgin da yake tuƙawa ya faɗi kusa da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau.