Sauya saitin rumbunan manhaja da yawa da umarni guda: yadda ake yi, da inda hatsarin yake

Duk wanda ke rubuta manhaja a yau yana ajiye aikinsa a wani dandali na intanet, kamar GitHub ko GitLab. Kowane aiki yana da ma'ajinsa, wanda za mu kira rumbu, kuma kowane rumbu yana da saitinsa: wa ke iya ganin abin da ke ciki, wa ke da izinin gyara, wane reshe ne babba. Rumbu ɗaya ko biyu ba matsala ba ne. Amma malamin da ke duba ayyukan ɗalibai 60 a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko matashin da ke yi wa ƙungiyoyi da dama aiki, sai ya buɗe shafi bayan shafi yana latsa maɓalli iri ɗaya. Ga wanda ke zaune a Gangara ko Tanut, inda reso ke zuwa yana ɗaukewa, wannan asarar lokaci ce da ta kuɗin intanet.

Mene ne layin umarni?

Shi ne allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni da haruffa maimakon latsa hotuna. Rubutu kaɗai ke fita, rubutu kaɗai ke dawowa, don haka bai cin mega kamar shafin intanet. GitHub, wanda aka buɗe a 2008, kamfanin Microsoft kuma ya saye shi a 2018, ya fitar da cikakken kayan aikinsa na layin umarni mai suna gh a watan Satumba na 2020. Na GitLab sunansa glab; wani ɗan ƙasar Gana, Clement Sam, shi ya fara rubuta shi, kamfanin kuma ya karɓe shi a hukumance a 2022. Ana iya saka gh a Windows, Linux ko Mac, har ma a salula mai Android ta hanyar manhajar Termux.

Matakan aikin

Da farko a gabatar da kai ga dandalin:

gh auth login

Sannan a fitar da sunayen rumbunan a ajiye su cikin fayil. A maye gurbin SUNA da sunan asusun ko na ƙungiyar:

gh repo list SUNA --limit 200 --json nameWithOwner --jq '.[].nameWithOwner' > jeri.txt

A lura da adadin 200 ɗin nan. Idan ba a faɗi adadi ba, gh rumbu 30 kawai yake kawowa, mutum ya ɗauka ya gama alhali saura na nan yadda suke.

Mataki na uku shi ne a buɗe jeri.txt a karanta shi layi-layi, a goge duk rumbun da ba a son taɓawa. Bayan haka sai a sa kwamfuta ta bi jerin:

while read r; do gh repo edit "$r" --delete-branch-on-merge; done < jeri.txt

Wannan layin yana ɗaukar suna ɗaya bayan ɗaya, yana gaya wa GitHub ya riƙa share reshe da kansa da zarar an haɗe shi da babban aikin. Haka ake yi da sauran saituna, kamar rufe shafin wiki da --enable-wiki=false. Sai dai umarnin bai aiki sai a rumbun da mutum ke da ikon shugabanci a kansa. GitHub kuma ya ƙayyade buƙata 5000 a awa ɗaya ga mai asusu, adadin da ya ishi yawancin mutane.

Inda hatsarin yake

Umarnin da ya gyara rumbu 100 cikin minti kaɗan, shi ne zai ɓata 100 cikin minti kaɗan, kuma babu maɓallin komawa baya. Saitin da ya fi kowane hatsari shi ne na bayyana rumbu ko ɓoye shi. In aka buɗe rumbun sirri ga jama'a, duk abin da ke ciki ya fita fili, har da kalmomin sirri da aka manta a cikin tsofaffin gyare-gyare, ko sunaye da lambobin wayar membobin wata ƙungiyar manoma. Ko an sake rufewa, wanda ya kwafa ya riga ya kwafa.

Ɓoye rumbun da ke buɗe ma yana da nasa farashi. A 2022 marubucin manhajar HTTPie, Jakub Roztočil, ya ɓoye babban rumbun aikinsa bisa kuskure, yana zaton wani ne daban. Taurari kusan 54,000 da masu amfani suka ba aikin cikin shekara goma suka goge, ba su kuma dawo ba. Rumbu ɗaya ke nan, a shafin intanet mai tambayar tabbaci. A jerin da kwamfuta ke bi ita kaɗai, babu mai tsayar da ita.

Ka'idoji huɗu kafin a latsa

A fara ajiye saitin da ake da shi yanzu: gh api repos/SUNA/RUMBU yana fitar da shi duka, a adana cikin fayil don a san inda za a koma.

A sa kalmar echo gaban gh a karon farko. Kwamfuta za ta nuna abin da za ta yi ba tare da ta aikata ba.

A gwada a rumbu ɗaya maras muhimmanci, a duba sakamakon da ido, kafin a saki sauran.

In reso ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, wasu rumbunan sun sauya, wasu ba su sauya ba. Ga saituna irin na sama, sake maimaita umarnin bai ɓata komai, domin abin da aka riga aka saita yana nan yadda yake. Makullin shiga da gh ke ajiyewa kuwa daidai yake da kalmar sirri: wanda ya yi aiki a kwamfutar aro ko ta gidan intanet, ya rubuta gh auth logout kafin ya tashi.